Dokin Ƙofar da Yake Girma

Da almakashi rigimar ta fara. Mai Agogo yana gyaran wayar fitilar kicin, ya laluba bai ga filaya ba, sai ya shiga ɗakin ɗinkin matarsa, ya ɗauko babban almakashinta na yankan yadi ya datse wayar da shi. Sau biyu ma, don datsewar farko ba ta yi masa daidai ba. Duk wanda ya taɓa zama gida ɗaya da tela ya san girman wannan laifi. Shi kuwa shekara talatin da huɗu yana zaune da tela, don haka kada kowa ya nema masa uzuri.

Da hantsi matar tasa, wadda unguwa take kira Mai Keke saboda keken ɗinkinta, ta ɗora almakashin a kan yadin mutane. Maimakon ya yanka sai ya kama tauna. Ta ɗaga shi wajen taga, ta ga giɓi biyu a bakinsa.

"Malam, wa ya taɓa min almakashi?"

Da ya ce ni ne, ki yi haƙuri, da labarin ya ƙare a nan. Amma sai ya gyara tsayuwa ya ce, "Ai almakashi don yanka aka yi shi."

"Haka ne. Shi ma ɗan hantsakin nan naka na agogo don ciro abu aka yi shi. Gobe da shi zan cire ƙayar kifi."

"Wannan daban."

"Fita min daga ɗaki."

Ya fita ɗin, amma da ya tsallake dokin ƙofa sai ya juyo, don ba ya son a ce ita ta yi maganar ƙarshe. "To, ki ji da kyau. Ƙafata ba za ta sake taka ɗakin nan ba."

"Allah ya ba ta lafiya a waje," in ji ta, ta ci gaba da taka kekenta.

Matsalar ita ce Mai Agogo ba ya janye magana. Shekara arba'in yana shagon gyaran agogo, in ya ce wa mutum ka dawo Talata ƙarfe huɗu, to Talata ƙarfe huɗu ne, ko da hannu ɗaya zai yi aikin. Da wannan aka san shi, da shi yake taƙama, kuma tun da ya rufe shago kusan shi kaɗai ya rage masa. Matsala ta biyu ita ce shayi. Tun aurensu, kullum ƙarfe bakwai na safe shi yake kai mata kofin shayi kan teburin ɗinki. 'Yan shekarun nan da shayin take haɗiye ƙwayar hawan jininta. In shayi bai zo ba, sai ta manta da ƙwayar har la'asar, kanta ya kama sarawa.

Washegari ya tsaya bakin ƙofa da kofi a hannu. Teburin yana can jikin taga, taku huɗu daga inda yake. Ya miƙa hannu, bai kai ba. Kiranta kuma babu dama, tunda ba sa magana. Ya yi gyaran murya sau uku, ta yi kamar ba da ita ake ba. Ya ajiye kofin a ƙasa, a nan ya huce har ƙuda ya faɗa ciki. Ranar wuni ya yi yana safa da marwa a lungun da ya haɗa kicin da ɗakin ɗinki, yana kasa kunne ya ji ko keken ya tsaya. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, amma ko da wuƙa a wuya ba zai faɗa ba.

Da yamma idonsa ya faɗa kan motar da take saman kabad. 'Yarsu ce ta saya masa lokacin da ya rufe shago, bayan ya kwance rediyo, da injin markaɗe, da agogon bangon maƙwabta wanda lafiyarsa ƙalau. Ta ce, "Baba, ga wannan, ka yi ta kwancewa, ka bar mana kayan gida." Motar wasa ce mai rimot, irin masu ƙananan jiki da manyan tayoyi, kowace taya ta fi tafin hannunsa faɗi. Koriya ce shar, an zana mata haƙora a gaba. Tun da aka kawo ta kunyarta yake ji. Yanzu kuwa ya sauko da ita, ya hure ƙurar, ya daɗe yana kallonta.

"Ƙafa na ce," ya faɗa wa motar. "Ban ce taya ba."

Ya ɗaure gwangwanin madara a rufinta ya zama mazaunin kofi. Washegari ƙarfe bakwai daidai ta tashi daga kicin tana ƙugi, shi yana biye da ita da rimot, yana tafiya a hankali sai ka ce mai rakiyar mara lafiya. A lungu komai lafiya. Sai suka iso dokin ƙofa, ɗan katako ne siriri da aka lulluɓe da guntun kafet. Tayoyin gaba suka hau, motar ta yi tsalle, ta dira, ta sake wani tsallen don kanta, shayi ya yi sama ya dawo ƙasa ba ta hanyar kofi ba. Abin da ya isa gindin teburi bai fi kurɓi uku ba.

Mai Keke ta dubi motar, motar ta dube ta da haƙora. Ta sunkuya ta ɗauki kofin, ta haɗiye ƙwayarta da kurɓi ukun, ta mayar da kofin cikin gwangwani. Ko kallon ƙofa ba ta yi ba.

Saura ɓarnar da aka yi, kuma rabinta a cikin ɗakin take. Mai Agogo ya ɗauko tsumma, ya durƙusa a lungu, ya kwanta rub da ciki, ya miƙa hannu da kai da kafaɗa cikin ɗakin yana goge ƙasa, 'yan yatsun ƙafarsa suna waje suna riƙe da mutuncinsa. Yana nishi, sanƙonsa yana sheƙi, yana ƙorafi ƙasa-ƙasa da motar. Kusan minti goma ya ɗauka. Haka aka yi washegari, haka aka yi jibi.

Rana ta uku ya kwance ƙafafun motar ya ga inda cutar take. Abin da aka sa mata da sunan shokazoba, wato na'urar da take shanye jijjiga tsakanin taya da jiki, ba komai ba ne sai sifirin da bututun roba, babu mai a ciki babu komai. Ya yi tsaki. Ya sa 'yarsa ta yi masa odar na gaske ta waya, guda huɗu na ƙarfe, irin waɗanda ake cika wa mai. Ta ce, "Baba, tsere za ka shiga?" Ya ce, "Kusan haka."

Suka iso a kwali, kowanne tsawon ɗan yatsa, da ƙananan kwalabe uku na mai, kowace da kaurin manta daban, da takardar bayani. Takardar ya ajiye gefe, don a ganinsa mutumin da ya haɗa agogo mai sassa ɗari biyu ba ya buƙatar wani ya koya masa bututu da fistin. Ya ɗiga man a yatsa, ya ji shi da kauri da yauƙi, ya ɓata fuska. A sana'arsa mai mai kauri shi yake kashe agogo. Ya tura kwalaben gefe, ya ɗauko man agogonsa mai tsada, sirif kamar ruwa, ya cika su da shi. Sannan ya ga kowane sifirin yana da zoben da ake murɗawa a tsaurara shi ko a sassauta. A agogo duk abin da yake lilo cuta ne. Ya murɗe zoben huɗun har ƙarshe, sai da motar ta tsaya ƙiƙam a kan tayoyinta, ko ka danna ta da hannu ba ta motsi. Ya ce yanzu aka yi aiki.

Da safe motar ta daki dokin ƙofa, kofin ya bar gwangwani gaba ɗaya. Ya wuce ta gaban hancin Mai Keke, ya faɗa kwandon ƙyallaye. Ɗigo biyu sun taɓa silin. Ta bi kofin da ido, ta bi silin da ido, ta miƙa hannu ta haɗiye ƙwayarta da yawu. Mai Agogo yana kwance yana goge-goge sai ya ji wani ɗan sauti ta hanci daga wajen teburi. Ya ɗaga kai da sauri, ya tarar ta duƙufa tana zura zare, kafaɗunta suna rawa.

Ranar Asabar ƙaninta ya zo gaisuwa. Bakaniken babura ne, mutum mai dariya tun kafin a gama ba shi labari. Ya shiga wajen yayarsa ya daɗe, ya fito yana share hawaye, ya sami Mai Agogo a kicin da tabaron ido ɗaya maƙale a fuska.

"Yaya, an ce ka buɗe kamfanin dakon shayi."

"Wa ya ce?"

"Silin ne ya gaya min." Ya ɗauki motar, ya ɗaga ta kamar taƙi ɗaya daga ƙasa ya sake ta. Ta yi tsalle uku ta shige ƙarƙashin firiji. "Me ka zuba mata?"

"Man agogo. Mafi kyau."

"Zoben fa?"

"Na ɗaure su. Suna lilo."

Bakanike ya zauna a ƙasa don dariyar ta fi ƙarfin tsayuwa. Da ya samu numfashi ya ce, "Yaya, ai lilon shi ne aikin. Sifirin yana karɓar duka, man nan mai kauri kuma shi yake hana shi ramawa. Kai ka cire mai hana ramuwa, ka kuma ƙara wa mai ramuwa ƙarfi."

Mai Agogo ya sha mur. "Yi min bayanin ƙarfe kawai."

"Ai na ƙarfen nake yi. Kai ne ka ji wani abu daban."

Suka zauna suka zubar da man agogo, Mai Agogo yana kallonsa yana tsiyaya kamar jininsa ne. Suka cika bututun da mai na tsakiya. Bakanike ya nuna masa yadda ake tura fistin sama da ƙasa a hankali har ƙwayoyin iska su taso, sannan a jingine bututun a jira su fashe don kansu. "Kada ka gaggauta. In iska ta rage a ciki, aikin banza ka yi." Jira kam Mai Agogo ya iya. Suka sassauta zobba har motar ta ɗan zauna da nauyin kofi, kamar kashi ɗaya cikin uku. Bakanike ya sake ɗaga ta ya saki. Ta dira, ta lotsa, ta taso, ta tsaya shiru.

Da zai tafi ya tsaya yana sa takalmi. "Amma Yaya, taku huɗu ne fa."

"Sauka lafiya."

Lahadi shayi ya isa da fiye da rabi. Gogewar ba ta wuce minti biyu ba. Mai Agogo ya koma kicin yana fito, abin da ya shekara goma bai yi ba. Ya ƙara gyara zoben gaba da rabin murɗi, ya tabbata gobe ko ɗigo ba zai zuba ba.

Litinin rabin kofi ya zube. Talata fiye da haka. Ya kwance shokazoban, ya duba ko suna yoyo, ba sa yi. Ya sake fitar da iska, ya canza batir, ya auna nauyin kofi. Sai ranar Laraba, yana kwance yana gogewa, haɓarsa ta gogi dokin ƙofa, alhali da can ba ta taɓa shi. Ya je ya ɗauko ma'aunin ƙarfen da yake auna kaurin gilashin agogo. Ranar farko ya auna katakon nan, ya rubuta, milimita goma sha ɗaya. Yau sha tara.

Ya zauna yana kallon lambar. Doki dai sunansa doki, amma bai taɓa jin na ƙofa yana girma ba. Ya jira ta shiga wanka, ya ɗaga guntun kafet ɗin daga ɓangarensa. Ga kwali nan falle huɗu, an yanka su daidai faɗin katakon, an jera an manne. Yankan ya fita tsaf, babu ko karkata. Ko da almakashi mai giɓi biyu, hannun tela hannun tela ne.

Ransa ya ɓaci, ɓaci na gaske. Shi yana nan yana ƙona ido don ƙwayarta, ita kuma tana ciyar da doki. Zai iya zare kwalin ya yar, amma hakan kamar ya yarda injinsa ya gaza ne. Ya mayar da kafet yadda yake. In yaƙi take so, ta samu.

Daga nan gidan ya zama wani abu dabam. Alhamis doki ya kai ashirin da shida, don an ƙara masa tsohuwar rula. Shi kuma ya sa wa motar mai mafi kauri a gaba, na tsakiya a baya. Juma'a talatin da uku, da ƙyallen labule ninki huɗu. Ya ga mai mai kaurin ya yi jinkiri da yawa, tayar ba ta lanƙwasawa da wuri, sai ya ciro fistin ɗin, wani ɗan faifai mai huji biyu da man yake bi ta ciki. A nan fa sana'arsa ta yi rana. Ya maƙala tabaro, ya ɗauko siririn abin hujin da yake gyara agogon mata da shi, ya ƙara huji na uku a kowanne, huɗun duka daidai wa daida. Ya mayar da mazaunin kofi ƙasa-ƙasa tsakiyar mota. Ya gina dokin gwaji a kicin da littattafai, ya yi ta tsallake shi da kofin ruwa, tun ana zuba har aka daina.

Abinci dai ana ci, kowa a nasa gefen. Sai dai shi ba ya jin ɗanɗanonsa. Kwana goma sha biyu rabon da ta ce masa ya rage gishiri, ko ta tambaye shi ina ya jefa tabaronsa, ko ta ba shi labarin wadda ta kawo yadi biyu kacal tana son riga da zane da ɗankwali. Kewarta yake yi, kewa mai tsanani, a gida ɗaya. Duk lokacin da abin ya taso masa sai ya ƙara murɗa zobe.

Ranar Asabar ya auna: milimita arba'in da ɗaya. Dokin ya yi ƙiba har kafet ya kasa rufe shi. Bai damu ba. Ya jingina madubi a ƙarshen lungu yadda zai hangi ƙofar daga kicin, ya ja kujera ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Yau ko rakiya ba zai yi ba. Ya cika kofin har baki, da gangan.

Motar ta bi lungu, ta iso tudun. Tayoyin gaba suka hau, suka shige sama cikin jikinta, jikin kuwa ko gezau. Suka sauka, na baya suka hau, suka sauka. Ta wuce sumul har gindin teburi ta tsaya. A madubi ya ga ƙasa a bushe, lungu da ɗaki duka.

Ya jira. Keken ya tsaya. Bai ji ƙarar kofi ba, bai ji komai ba. Minti ɗaya, biyu, uku. Ya so a ce an yi tsaki ko an yi wata magana ta jin haushi, don nasarar ta yi daɗi. Da shirun ya ishe shi sai ya tashi ya je bakin ƙofa, wai zai duba tayoyi.

Tana zaune, hannuwanta a cinya, ƙwayar tana kan teburi, kofin yana cikin gwangwani cike yana tururi.

"Ya iso," in ji shi, yana kallon motar. "Ko ɗigo."

"Na gani. Sannu da ƙoƙari." Muryarta a sanyaye. "Ka gama kenan. Daga gobe daga kicin za ka riƙa aiko shi."

"Ai shi ne amfanin gyaran."

"Shi ne." Ta ɗan juya ƙwayar da yatsa. "Da yana zubewa, kullum ina samun minti goma. Rabinka ne dai, daga kai zuwa ƙugu, kana ta mita da tsumma. Amma ina gani."

Mai Agogo ya dubi tulin kwalin da ke gabansa, falle kan falle, kowanne an yanka shi a tsanake. Kunya ta kama shi tun daga sanƙo har tafin ƙafa, irin wadda bai taɓa ji ba ko ranar da ya mayar wa wani agogo yana tafiya da baya.

Ya danna rimot. Motar ta dawo da baya, ta tsallake tudun, ta tsaya gabansa, har yanzu ko ɗigo. Ya ajiye rimot a ƙasa, ya ɗauki kofin da hannu biyu, ya gyara wuyan riga. Ya ɗaga ƙafa daidai yadda ya saba ɗaga ta shekara talatin da huɗu, wato daidai milimita goma sha ɗaya da ɗan ƙari.

Dokin ya kama shi. Kofin ya yi gaba, shi ya bi bayansa, ya zube rub da ciki a tsakiyar ɗakin, shayi ya malale har ƙarƙashin keke.

"Malam!" Ta taso da gudu ta durƙusa kansa, tana taɓa gwiwa, tana taɓa haɓa. "Ka ji ciwo? Ina ne?"

"Babu," ya faɗa cikin kafet. Sannan, ba tare da ya ɗago ba, "Almakashin nan. Ni ne. Zan wasa miki shi."

"Na san kai ne. Kada ka sake ka taɓa shi." Da ta tabbata babu karaya sai dariyar kwana goma sha uku ta ƙwace mata, ta zauna daɓas a cikin shayin tana yi har da tari. Ta share ido da bakin ɗankwali, ta leƙa bayansa. "Ka kwantar da hankalinka, maganarka tana nan. Ƙafafun suna waje."

Ya waiga. Gaskiya ne, duka biyun suna can rataye a bayan dokin, silifas ɗaya ya fice. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya janyo su ciki, ɗaya bayan ɗaya.